Takardar haihuwa: ta ƙaramar hukuma ce ko ta Hukumar Ƙidaya? Fashin baƙi ga mutanen Kaduna

Wai shin wace takarda ce takardar haihuwa ta gaskiya, kuma wa ke da hurumin bayar da ita? Ƙaramar hukuma ce, ko asibitin da aka haifi yaro, ko kotu, ko kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wato NPC? Wannan tambayar duk shekara sai ta dawo mana, da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ko an buɗe ɗaukar sojoji da 'yan sanda, ko maniyyata sun fara fafutukar fasfo, sai ka ga sakatariyar ƙaramar hukuma ta cika maƙil da mutane kowa riƙe da fayil. Abin ya ƙara fitowa fili a 2024 lokacin da aka yi ta cece-kuce kan shekarun shiga jami'a, ministan ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18, wanda ya gaje shi Dakta Tunji Alausa ya dawo da shi 16, to a nan ne iyaye da yawa suka farga cewa in aka ce su kawo hujjar ranar da aka haifi ɗansu ba su da komai a hannu sai "ai ina tunawa, da damina ne".

Ni kaina abin ya ci ni. Ɗan yayata da aka haifa a gida a Rigasa, da ya zo neman fasfo na raka shi, muka je da wata takarda mai tambarin ƙaramar hukuma da aka yi masa yana firamare, mu a ganinmu mun gama komai. Jami'in ya duba ya turo mana ita ya ce Alhaji wannan ba ita ake nema ba, ku je ku kawo ta NPC. Da muka dawo gida muka baje takardunsa a tabarma sai ga ranar haihuwa iri uku, ta makaranta daban, ta NIN daban, ta ƙaramar hukumar ma daban. Wata biyu muka yi muna zirga-zirga kafin abin ya daidaita, yaron nan har rama ya yi don damuwa. Tun daga nan na ce sai na zauna na warware wa mutane wannan abu gwargwadon yadda na fahimce shi.

Takardun da muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya

Matsalar farko ta suna ce. A bakinmu duk "takardar haihuwa" muke cewa, alhali takardu ne har biyar kuma kowace da aikinta.

Akwai wadda asibiti ke ba mace idan ta haihu, ko katin riga-kafi da ake buɗe wa jariri ranar da aka yi masa allurar BCG. Wannan shaida ce cewa an haifi yaro rana kaza a wuri kaza, tana da amfani sosai kuma kar a yar da ita, amma ba ita ce satifiket ɗin da gwamnati ta sani ba, ita ce dai za ka riƙa ka je ka karɓo satifiket ɗin. Mata da yawa sun adana ta a ƙasan akwati shekara goma sha suna ganin an gama.

Sai satifiket ɗin NPC, wanda ake yi wa yaron da bai kai shekara 18 ba, yana ɗauke da lambar rajista da sunan cibiyar da aka yi da ƙaramar hukuma da jiha, da sunan yaro da na uwa da na uba. Wannan shi ne ainihin takardar haihuwa a dokar Najeriya ta yanzu.

Na uku shi ne rantsuwar shekaru, abin da muke ce wa dikilareshan, wanda ake yi a kotu gaban jami'in rantsarwa. Shi wannan magana ce ta wani babba a gidanku, uba ko uwa ko kawu ko yaya, ya rantse cewa ya san an haife ka rana kaza kuma ba a yi maka rajista a lokacin ba. Kotu ba ta binciki komai ba, ta dai shaida cewa mutumin ya yi rantsuwa a gabanta.

Na huɗu ita ce takardar tabbatarwa ta NPC da ake kira atesteshan, ita ake ba wanda ya riga ya kai 18 bai taɓa yin rajista ba, tana tsayawa a madadin satifiket.

Ta biyar kuwa ita ce indijin, takardar shaidar cewa kai ɗan asalin ƙaramar hukuma kaza ne. Wannan kam ta ƙaramar hukuma ce ba gardama, amma ba ta magana a kan ranar haihuwa, asali take nunawa. Mutum zai iya zama an haife shi a Legas ko Fatakwal amma indijin ɗinsa na Soba ne ko Makarfi. Su biyun nan, indijin da takardar haihuwa, tare ake neman su a wurin fasfo da ɗaukar aiki, shi ya sa mutane suka ɗauka ofis ɗaya ke bayar da su.

Daga ina ruɗanin ya samo asali

Gaskiya ba laifin talaka ba ne, dokokin ƙasar ne da kansu suka yi baki biyu. Kafin 1992 ƙananan hukumomi ne ke rubuta haihuwa da mutuwa, kowace da irin takardarta, wata tana da littafi mai kyau wata kuma ko littafin babu. A zamanin mulkin Janar Babangida aka fito da doka mai lamba 69 ta 1992, wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin ƙasa kuma ta damƙa aikin a hannun Hukumar Ƙidaya. Daga nan ya kamata a ce magana ta ƙare.

Sai kuma tsarin mulkin 1999 ya zo, a jadawali na uku ya ce aikin NPC ne ta kafa tsarin rajistar haihuwa da mutuwa na dindindin a ƙasa baki ɗaya, a jadawali na huɗu kuma inda aka jero ayyukan ƙananan hukumomi ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure a ciki. Ka ga kenan kowa na da inda zai nuna maka a rubuce. Shi ya sa har yau wasu ƙananan hukumomi a ƙasar nan suna buga tasu takardar suna bayarwa, kuma ma'aikacin da ya ba ka ita ba lallai cutarka ya yi niyyar yi ba, abin da ya tarar ana yi kenan.

Amma kai da kake neman takarda don ta yi maka aiki, ba muhawarar lauyoyi ce ta dame ka ba, abin tambaya shi ne wace ake karɓa. Hukumar shige da fice, da NIMC masu NIN, da ofisoshin jakadancin ƙasashen waje, duk ta NPC suke nema ga wanda aka haifa daga 1992 zuwa yau. Wanda aka haifa kafin nan kuma yana da tsohuwar takardar ƙaramar hukuma ta asali wadda aka yi masa tun lokacin, wannan takarda ce mai daraja, ya riƙe ta da kyau, ko da yake sau da yawa za a ce ya haɗa da atesteshan. Abin da ba ya aiki shi ne yaron da aka haifa a 2008 ya zo da takardar da aka buga masa a wani ofishin ƙaramar hukuma babu lambar NPC a jiki.

To me ake zuwa yi sakatariya kenan?

Nan ne mutane ke ƙara rikicewa, domin in ka tambayi wanda ya yi ta gaskiyar ina ya samo, zai ce maka a ƙaramar hukuma, kuma bai yi ƙarya ba. NPC tana da ofis a kowace ƙaramar hukuma cikin 774 da ke ƙasar nan, har da guda 23 na jihar Kaduna, kuma galibi ofishin yana cikin harabar sakatariya ne ko kusa da ita. Gini ɗaya, ma'aikata biyu, ɗaya na ƙaramar hukuma ɗaya na tarayya. Saboda haka in ka shiga sakatariyar Kaduna ta Arewa a Magajin Gari, ko ta Kaduna ta Kudu a Makera, ko ta Igabi a Turunku, ko ta Chikun a Kujama, kar ka tsaya a bakin ƙofa ka ce "takardar haihuwa nake so" wa duk wanda ka fara gani. Ka ce ofishin Hukumar Ƙidaya nake nema, ofishin fofuleshan, haka ma'aikatan suka fi sanin sa. Wannan kalmar guda ɗaya tana raba ka da wahala mai yawa, don a bakin irin waɗannan wurare ba a rasa masu jiran wanda bai san hanya ba su ce kawo a yi maka yanzu-yanzu.

Kuma ba dole sai sakatariya ba. Hukumar na ajiye masu rajista a manyan asibitocin gwamnati da wasu cibiyoyin lafiya a matakin farko, inda ake awo da riga-kafi. Mutumin Rigasa ko Mando ko Rigachikun, duk da a Igabi yake, ba sai ya kama hanyar Turunku ba, ya fara tambaya a asibitin da matarsa ke kai yaro allura, in babu mai rajista a nan kullum za su gaya masa ranar da yake zuwa ko cibiya mafi kusa.

Yadda ake yi wa jariri da ƙaramin yaro

Wannan shi ne mafi sauƙi duka, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Doka ta ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kyauta. Ku duba fa, kwana 60, wato an yi suna ranar bakwai, mai jego ta gama wanka ta yi arba'in, har da sauran kwana ashirin a sama. Allurar sati shida ma tana faɗowa daidai wannan lokacin, tafiya ɗaya za a yi a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Uba ko uwa ne ke da alhakin zuwa, in ba su samu dama ba wani babba da ya san haihuwar ko yake riƙon yaron zai iya tsayawa. Za a tambayi sunan yaro, namiji ne ko mace, rana da wata da shekara, inda aka haife shi, sunan uwa da shekarunta, sunan uba, sana'a da adireshi. In a asibiti aka haihu a tafi da takardar asibitin, in a gida ne katin riga-kafi ya wadatar a matsayin madogara. Ina so in jaddada wannan domin na sha jin mata suna cewa ai ni a gida na haihu ungozoma ce ta yanke cibi, ba za a ba ni ba. Za a ba ki, Hajiya. Dokar ba ta ce sai haihuwar asibiti ba, duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan haƙƙinsa ne.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne komawa na'ura. A watan Nuwamba 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajista ta intanet, yanzu maimakon babban littafi da biro sai ka ga ma'aikacin da waya ko ƙaramar kwamfuta yana shigar da bayanai, kuma zai nemi lambar NIN ta uwa ko ta uba, lambobi 11 ɗin nan. Don haka a tafi da ita a rubuce. An tsara abin ne yadda rajistar yaro za ta haɗu da NIN ɗinsa tun daga farko, wanda in ya zauna daidai zai kashe matsalar nan ta ranar haihuwa iri-iri. Illarsa kuma ita ce matsalar sabis, wani lokaci a shigar da bayanai yau a ce ka dawo wani sati karɓar satifiket. In haka ta faru kar ka tafi hannu rabbana, ka karɓi lambar rajistar ko wata 'yar takarda da ke nuna an shigar, ka kuma karɓi sunan cibiyar.

Maganar kuɗi kuwa, ta jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, hukumar ta sha faɗa a rediyo. Yaron da ya wuce haka amma bai kai 18 ba shi ma satifiket ɗin zai samu, sai dai ya shiga sahun rajistar makara, ka tafi da shirin za a iya cewa ka biya wani abu kuma a nemi ƙarin hujja kamar takardar makaranta. Duk abin da aka ce ka biya ka nemi risit. In mutum ya ce maka "ba a bayar da risit a wannan" to ka san ba asusun gwamnati kuɗin za su ba.

Wanda ya riga ya kai 18

Yawancin masu cika sakatariya su ne waɗannan, samari da 'yan mata masu neman makaranta ko aiki, da dattawa masu niyyar Hajji ko Umara. Hanyar a jere take. Za ka fara da kotu, a nan cikin gari mutane sun fi zuwa babbar kotun jiha da ke Bida Road, a Zariya da Kafanchan ma akwai manyan kotuna, ka je da babban da zai rantse maka da hotunan fasfo, a buga dikilareshan a sa hannu a buga hatimi. Daga nan sai NPC, ka kai dikilareshan ɗin da NIN ɗinka da hoto, yanzu ana cike fom ɗin a shafin hukumar na intanet a biya kuɗin ta can, sannan a fitar maka da atesteshan. Wannan ba kyauta ba ne, kuma in a kafe, wato shagon intanet, za a cike maka kuɗin mai kafe daban ne da na hukuma, ka tambaya a rarrabe maka su tun kafin a fara, kuma ka tsaya a kansa ka karanta duk abin da ya rubuta kafin ya tura. Kuskuren harafi ɗaya da yaron kafe ya yi cikin sauri zai iya cin maka wata guda.

Akwai masu tsayawa a dikilareshan kawai su ce ya isa. A wasu wuraren yana wucewa, amma in maganar gyaran ranar haihuwa a NIN ce ko biza, sai an ga takardar NPC. Tunda ka riga ka fara gara ka ƙarasa.

Suna da kwanan wata, inda muke faɗawa rami

A nan nake so in daɗe, don wallahi mafi yawan wahalar da na gani ba ta rashin takarda ba ce, ta takardun da suka saɓa wa juna ce.

Mu Hausawa yaro ɗaya yana da sunan yanka da liman ya raɗa, yana da sunan da ake ɓoye shi da shi saboda an yi wa kaka takwara, Abba ko Baffa ko Ummi ko Walida, wani kuma sunan rana ne ya bi shi kamar Ɗanladi ko Balarabe ko Talatu. Ranar da aka kai shi firamare yayarsa ce ta raka shi, malam ya ce ya sunansa ta ce Abba, aka rubuta Abba, shi kenan ya bi shi har takardar WAEC, alhali a satifiket an rubuta Sulaiman. Sai kuma rubutun sunan, Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammadu, A'isha ko Aishatu, Abubakar ko Bukar ko Garba. Mu a wurinmu duk ɗaya ne, kwamfuta kuma a wurinta mutane ne daban-daban. Ga kuma sunan ƙarshe, yau a sa na uba, gobe na kaka, jibi a sa sunan gari, wani ma in riƙo aka ba shi sai a sa sunan kawun da ya riƙe shi. Mace kuma ta yi aure ta je ta sauya zuwa sunan miji a wata takarda ta bar wata. Shawarata ita ce uba ya zauna tun ranar suna ya yanke yadda za a rubuta sunan yaron harafi da harafi, guda uku a jere, ya rubuta a takarda, kuma duk inda za a sake rubuta sunan yaron nan har ya girma a kwafa daga satifiket, kar a bar wa malamin aji ko mai kafe ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Kwanan wata ya fi wannan ciwo. Iyayenmu da abin da ya faru suke lissafi, an haife ka shekarar rikicin Shari'a wato 2000, ko ana saura kwana uku Sallar layya, ko da azumi ya kai goma. Wannan lissafin ba banza ba ne, yana taimakawa ƙwarai, domin in uwa ta ce goma ga azumi shekarar kaza, yau da waya a hannu cikin minti ɗaya za a juya shi zuwa kwanan watan boko. Amma a lura shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kusan kwana 11, don haka wanda ke ƙirga shekarunsa da azumi, in ya kai 33 a lissafinsa to 32 yake a na boko. Rashin yin wannan ɗan binciken ne ya sa in ka duba takardun mutanenmu sai ka ga kamar rabin gari ranar 1 ga Janairu aka haife su, an tambaye su ba su sani ba aka cike musu.

Wurin haihuwa ma akwai abin lura. Al'adarmu ta goyon ciki, mace ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, ta sa yaro ɗan Tudun Wada sai a haife shi a Giwa ko Ikara ko ma Funtuwa. A rubuta inda aka haife shi na gaskiya, wannan ba ya taɓa masa indijin ko kaɗan.

Sai babbar magana, rage shekaru. Kowa ya san ana yi kuma kowa ya san dalili. Ƙananan sojoji ana ɗaukar 'yan 18 zuwa 22, bautar ƙasa in ka wuce 30 lokacin kammala karatu ba za ka je ba, ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Yaron da yajin aikin jami'a da rashin kuɗin makaranta suka cinye masa shekaru, in ya ga ƙofa za ta rufe sai a ce masa je ka yi sabon dikilareshan. Ina tausayinsa har zuciyata, na san ba daɗi ne ya kai shi ba. Amma gaskiya ita ce zamanin da wannan ke tafiya lami lafiya ya wuce, tun da JAMB ta wajabta NIN a 2021, ga BVN a banki, ga fasfo duk an ɗaure su da juna, ranar da ka fara bayarwa tana nan zaune tana jiranka. Na ga dattijon da kuɗin fanshonsa suka maƙale saboda ranar haihuwar da ke fayil ɗin aikinsa ta saɓa da ta NIN, yana yawo da sanda daga wannan ofis zuwa wancan. Sannan mu tuna dikilareshan rantsuwa ce, yin ta a kan ƙarya laifi ne a dokar ƙasa, kuma kai Musulmi ko Kirista ka san matsayin rantsuwar ƙarya a addininka, balle ka jawo mahaifinka ko kawunka ya yi maka ita.

In ta ɓace, ko za a kai ta ƙasar waje

Gobara da ambaliya da gudun hijira sun raba mutane da yawa da takardunsu, a tambayi mutanen Birnin Gwari da wasu ƙauyukan Giwa da Chikun da Kajuru da 'yan bindiga suka tasa. In satifiket ya ɓace kar a je a yi sabuwar rajista kamar ba a taɓa yi ba, wannan shi ke haifar da mutum ɗaya mai rajista biyu. A yi rantsuwar ɓata a kotu, a samo rahoton 'yan sanda, a koma NPC a nemi a sake fitar da ita daga rajistar farko. In kana da fotokwafi ko hoton ta a waya aikin ya zo da sauƙi domin lambar na jiki, don haka yau ɗin nan a ɗauki hoton ta kowane yaro a tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

Mai tafiya karatu ko aiki ko aure a waje kuma, sau da yawa ba a karɓar takardar haka nan sai an tantance ta, a kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja su buga hatiminsu, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je su ma su buga nasu. Kowace ƙasa da sharuɗɗanta, a tambayi ofishin jakadancin tun da wuri. Kuma a guji yi wa ta asalin laminatin, don hatimi ba ya hawa kan roba kuma wasu ofisoshin ba sa son ganin ta haka, a sa ta a fayil ɗin leda kawai.

Masu cewa a bar wa ƙananan hukumomi, da masu cewa a'a

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a watan Yuli 2024 ake ta maganar a dawo musu da ayyukansu, kuma rajistar haihuwa na ciki. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi, sun ce ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da jama'a, ita ke da kansila a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar nan, ita ke hulɗa da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su kuwa ma'aikatan NPC ba su da yawan da za su kai kowane lungu, ƙaramar hukuma mai faɗi irin Birnin Gwari ko Kachia ina mutum biyu ko uku za su iya da ita. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa in aka bar kowace ƙaramar hukuma ta buga tata, to takarda iri 774 za a samu, babu rumbu ɗaya da za a duba a tabbatar, kuma duk mai son sauya shekaru sai ya tsallaka maƙwabciya ya yi sabuwa.

Ni dai ina ganin rumbun ya zama ɗaya a hannun NPC, amma ƙafafun da za su kai aikin gida-gida su zama na ƙaramar hukuma da masarautu. Mai unguwa ya san duk gidan da aka haihu, liman shi ke raɗa suna, ungozoma ita ta karɓi haihuwar, wanzami ma ya zo ya cire beli. Dokar 1992 ɗin ma ta ambaci irin su dagatai da ungozomomi da malaman addini cikin waɗanda ya kamata su riƙa sanar da haihuwa, amma a unguwanni nawa ake yin haka?

Abin da rashin ta ke jawo wa talaka

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, wani binciken na 2021 ya nuna an kai kashi 57, an ci gaba amma har yanzu kusan rabin yaran ƙasar nan gwamnati ba ta san da zamansu a rubuce ba, kuma ba sai an faɗa maka ba yankinmu na Arewa maso Yamma inda aka fi haihuwa a gida yana cikin na baya. Wasu na gudun abin ne don zargi, suna ganin ƙirga 'ya'ya ake so a yi don a kawo tsarin iyali ko haraji, wasu kuma kawai ba su ga amfanin ta ba tunda yaro ba gobe zai nemi aiki ba.

Amma amfanin ta ba a wurin neman aiki kaɗai yake ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta sa rajistar haihuwa cikin haƙƙoƙin kowane yaro, jihar Kaduna ma ta yi tata dokar kare yara a 2018, kuma duk kariyar da waɗannan dokoki suka ba yaro tana rataye ne a kan a iya tabbatar da cewa yaro ne. Ɗan shekara 15 da aka kama cikin wata hatsaniya, in babu takarda kuma ga shi da tsawo, wa zai hana a rubuta shi 19 a tura shi gidan yari cikin manya? Yarinyar da aka ci zarafinta, lauyan wanda ake tuhuma abin da zai fara tambaya a kotu shi ne ina hujjar shekarunta. Almajirin da aka kawo daga wani gari yana ɗan shekara 6 ya ɓace a Kawo ko Kasuwar Barci, babu wata takarda a duniya da ke ɗauke da sunansa da na uwarsa da garinsu. Marayan da 'yan uba ke jayayya da shi kan gado ko kuɗin mahaifinsa na banki da fansho, satifiket mai sunan uban a jiki yana rufe bakuna da yawa.

Sannan ita gwamnati da wannan lissafin take sanin yawan allurar riga-kafi da za ta saya da ajujuwan da za ta gina. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, unguwa irin Rigasa kowa ya san yadda ta tumbatsa tun daga lokacin, yaran da aka haifa a cikinta in ba a rubuta su ba to a takardar masu tsara kasafi babu su, sai a turo allura da malamai da kujeru daidai adadin da ke rubuce, sauran su zauna a ƙasa.